Bayan An Cire Ƙaho: Wanka Da Kula Da Tsaga A Ƙasar Manoma

A ƙasar Funtua da Malumfashi ciwon baya yana da lokacinsa. Daga saukar damina mutum a duƙe yake wuni: huɗa, shuka, noman farko, maimai, zuba taki. Kaka ta yi kuma, sai tsinkar auduga da dakon buhunan masara da waken suya zuwa kasuwannin Bakori da Ɗandume. Jikin da ya sha wannan wahala shi ake kai wa wanzami ya kafa masa ƙaho, ko kuma a 'yan shekarun nan a kai shi shagon masu hijama da kofunansu na roba. Mutum ya tashi yana jin jikinsa wasai, ya yi hamdala an zubar da mataccen jini. Abin da ba a cika zaunar da shi a yi masa bayani ba shi ne kwanaki bakwai da za su biyo baya, alhali a cikinsu ne ƙaho yake tabbata magani ko ya rikiɗe ya koma jinya.

Ƙaho iri biyu ne, kuma kularsu ba ɗaya ba ce. Akwai busasshe, wanda ake zuƙe fata kawai ba tsaga, irin wanda duniya ta gani a kafaɗun ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps a wasannin Olamfik na 2016. Wannan shaci yake bari mai duhu, jini ne ya kwanta a ƙarƙashin fata, ya ɓace da kansa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Mai shi zai iya wanka bayan 'yan sa'o'i, ya dai guji ruwa mai zafi sosai da dirza. Namu na gida shi ne mai tsaga. Wanzami zai jiƙa wurin, ya aske gashin idan akwai, ya kafa ƙahon ya zuƙe iskar da bakinsa ta ɗan hujin da ke tsinin, ya toshe. Idan fata ta tasa ta yi tudu sai ya cire, ya fito da aska daga zabira ya yi tsaga ƙanana a jere, tsaf-tsaf-tsaf, ya mayar da ƙahon jini ya taru. Mutumin da aka kafa wa ƙaho biyar ko shida ya tashi da tsaga masu yawan gaske a bayansa, kowace ɗaya ƙofa ce a buɗe. Ba su da zurfi, shi ya sa suke saurin warkewa. Amma kafin fata ta rufe bakinsu, duk abin da ya taɓa wurin yana iya shiga.

Jiki yana fara ɗinke kansa nan take. Cikin mintuna jini ya daskare ya toshe bakin tsagar, cikin yini ɗaya zuwa biyu sabuwar fata siririya ta shimfiɗu a kai, cikin mako guda zuwa kwana goma ɓawon ya faɗi da kansa. Daga nan amsar tambayar wanka take fitowa. A bar wurin ba ruwa na sa'o'i 24. Idan tsagar ta yi ɗan zurfi, ko har gobe tana tsattsafo ruwa, a kai sa'o'i 48. Wannan ba ya nufin mutum ya zauna da datti. A watan Afrilu, da zafin da ake yi a Funtua, ba mai hankalin da zai ce wa manomi ya kwana biyu bai taɓa ruwa ba. Ya wanke fuska da hammata da gaba da ƙafafu, ya goge sauran jiki da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ya kewaye wurin ƙahon kawai. Dabarar da ta fi sauƙi ma ita ce a yi wanka sosai da sabulu da safe, a huta, sannan a tafi wurin wanzami da fata mai tsabta da riga wankakkiya. Tun zamanin da, Ibn Sina ya ja kunne game da yin ƙaho ana fitowa daga gidan wankan zafi, kuma Ibnul Ƙayyim ya kawo maganar tasa a Zadul Ma'ad. Hikimar a bayyane take: zafi yana buɗa jijiyoyi, jini ya zuba fiye da yadda ake so.

Wannan dalilin shi ya sa wankan farko bayan ƙaho ba ya son tafasasshen ruwa. Mu mutane ne masu tsoron sanyi, mun taso muna jin cewa ruwan zafi shi ke gasa jiki ya kori cuta, shi ya sa wasu suke surka ruwan zafi da ɗan na sanyi kaɗan su sheƙa wa bayan da aka tsaga jiya. Ruwan zafi yana jiƙa ɓawon ya sake shi, jini ya dawo, kuma wanda ya zubar da jini jiya yana iya ganin jiri a banɗaki ya faɗi. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ya isa, wanda za ka tsoma gwiwar hannu ba ka janye ba. A zuba da moɗa ya gangara ta kan wurin. Kada soso ya je nan har sai ɓawo ya faɗi. Sabulun salo da sabulai masu ƙamshi ko masu ƙarfin magani suna da zafi a kan sabuwar fata, a yi amfani da sabulun wanka mara ƙarfi, shi ma kumfarsa kawai ta bi ta wurin a ɗauraye. In an gama a dangwala tsumma mai tsabta a tsane ruwan, ban da gogawa. Tawul ɗin da duk gida ake amfani da shi ba na wannan makon ba ne.

Wane ruwa ne, wannan ya fi lokacin wankan muhimmanci a ganina, kuma a nan shawarar da ake karantawa a waya take gaza mana, domin an rubuta ta ne ga mai famfo a ɗaki. Namu ruwan na rijiya ne, ko na 'yan garuwa, ko na rafi da kududdufi da dam. Ruwan burtsatse mai kyau ba laifi. Na rijiyar da ba ta da murfi, ko wanda ba ka san inda ɗan garuwa ya ɗebo ba, a tafasa ɗan wanda zai taɓa wurin a bar shi ya huce. Tulu guda bai zama dole ba, buta ɗaya ta wadatar. Shiga ruwa kuwa, a dam ɗin Mairuwa ne ko Gwaigwaye ko na Malumfashi, ko tsayawa cikin fadama ana ban-ruwa har ruwa ya jiƙa baya, wannan a haƙura da shi har sai wurin ya warke sarai. Kwantaccen ruwan da shanu suke sha suna kashi a bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta masu sa rauni ya yi ruwa. Mutanen yankin nan sun san ruwan dam da wata cutar ma: a shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool sun yi shekaru suna aiki a ƙasar Malumfashi, kuma sun rubuta yadda tsargiya, wato fitsarin jini, ta yawaita a kewayen dam ɗin Ruwan Sanyi. Ita tsargiya ko ta lafiyayyar fata shiga take yi, balle a kai mata bayan da aka tsattsaga.

Sai maganar ibada, wadda ita ce take tura mutane da yawa wanka kafin lokaci. Wasu suna ɗauka cewa wanda aka yi wa ƙaho dole ya yi wanka kafin ya yi salla. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fitar jini daga jiki ba ya karya alwala, balle ya wajabta wanka. Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar da Hasanul Basri cewa abin da ke kan wanda aka yi wa ƙaho shi ne tsabtace gurbin ƙahon kawai. Akwai ruwayar da ta ambaci wanka saboda ƙaho, amma malaman hadisi da dama sun raunana ta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda malaman fiƙihunmu suka hango matsalar tun da daɗewa. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin da ake karantawa a zaurukan Katsina da Zariya, an sa gurbin ƙaho cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu: idan an goge jinin, mutum ya yi sallarsa, sai wurin ya warke sannan ya wanke. Idan kuma wankan janaba ya kama mutum a cikin kwanakin, akwai hukuncin shafa a kan rauni ko a kan abin da aka ɗaure shi da shi, ga wanda yake tsoron ruwa zai cutar da shi. Ya wanke sauran jiki, ya shafi bandejin da jiƙaƙƙen hannu. Cuɗawar da ake nema a wanka ma bin jiki da hannu ce, ba dirza ba. Wanda abin ya shige wa duhu ya tambayi malamin unguwarsu, zai samu addini ya fi shi tausayin fatarsa.

Me za a shafa? Nan kowa likita ne. Wani ya ce man zaitun, wani man habbatussauda, wani zuma, wani man kaɗanya, tsofaffi su ce toka. A yini biyun farko abin da wurin yake so kaɗan ne: a goge shi da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a cikin tafasasshen ruwa rabin lita, kimanin ledar fiya-wata guda ke nan, a shafa basilin fari mara ƙamshi siriri, a rufe da bandeji mai tsabta daga kemis. A sauya kullum, ko duk lokacin da gumi ya jiƙa shi. Kada a ɗora auduga tsurarta a kan tsaga, zarenta yana mannewa, wajen cirewa ya taso da ɓawon. Man kaɗanya da man zaitun suna da kyau bayan wurin ya rufe, musamman da hunturu lokacin da fata take bushewa tana tsagewa, amma a ɗebo daga tsabtataccen mazubi, ba gwangwanin da kowa yake tsoma yatsa ba. Man habbatussauda yana da daraja a wurinmu, sai dai yana ƙona fatar wasu ya tayar musu da ƙuraje, don haka ba na ba da shawarar a zuba shi a kan buɗaɗɗiyar tsaga. Zumar da asibitoci suke sa wa rauni tatacciya ce da aka kashe ƙwayoyin cikinta, ba irin ta kwalbar bakin tasha ba. Dettol tsurarsa da sifirit suna cin sabuwar fatar da ke ƙoƙarin tsirowa. Man zafi irin su Robb, da man bilicin, da garin kafso da ake farkewa a barbaɗa, duk a nisanta su. Toka da ƙasa da baƙin mai da man birki kuwa, wallahi ban san sunan da zan ba su ba illa ganganci.

Yanzu ga abin da ya sa na ga rubutun nan ya zama dole ga mutanen yankinmu musamman. A ina ake kafa ƙaho? A tsakanin kafaɗu, a gadon baya, a ƙugu. A ina manomi yake goya jarkar feshi? Daidai nan. Duk wanda ya taɓa feshin ciyawa a gonar masara ko feshin ƙwari a gonar auduga ya san yadda abin yake: murfin ba ya rufuwa da kyau, kana tafiya a kan kunya maganin yana tsiyaya, kafin ka gama jarka biyu rigarka ta jiƙe sharkaf daga wuya zuwa ƙugu, igiyoyin suna gurzar kafaɗa. Lafiyayyar fata tana tare kaso mai yawa na wannan guba. Tsagaggiyar fata ba ta tarewa. Maganin ciyawa mai paraquat, wanda hukumar NAFDAC ta sa cikin waɗanda ta haramta, an san yana ratsa fatar da ke da rauni ya shiga jini ya lalata huhu da ƙoda, kuma ba shi da makari. Magungunan ƙwari da yawa su ma ta fata suke shiga, su kawo jiri da amai da dalalar miyau da ƙuncin numfashi. Mutum zai iya yin ƙaho ranar Alhamis, ya goyi jarka ranar Asabar, ya kwanta ciwo, a yi ta neman dalili a wani wuri. Wanda aka yi wa ƙaho kada ya goyi jarkar feshi sai ɓawo ya faɗi fata ta koma daidai, kwana goma ke nan ko fiye. Idan feshin ba zai jira ba, a ba wani ya yi, ko a ɗage ƙahon. Masu bin sunnar ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci ba su yi asara ba, kowane wata yana da nasa ranakun, a zaɓi watan da aikin gona ya yi sauƙi.

Haka zuba takin zamani da kwasar takin gida. Ƙwayar cutar tetanus, mai sarƙe haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma ƙaramin rauni ya ishe ta. Takan ɗauki kwana 3 zuwa 21 kafin ta bayyana, lokacin har an manta da ƙahon. Mata suna samun allurar rigakafinta a wurin awon ciki, yara suna samu a rigakafin jarirai, amma magidanci mai shekara arba'in ko hamsin sau da yawa rabonsa da ita tun yana goye, in ma an yi masa. Shi ne kuma yake kwasar taki da kwando a ka yana zubo masa a baya. Wanda ya shekara goma bai yi wannan allura ba, ya nemi a yi masa a asibitin da ke kusa, zai fi kyau kafin ƙahon.

Lokacin sussuka da casa matsalar ƙaiƙayi ce. Ƙurar dawa da gero ta shiga riga ta haɗu da gumi, ga tsaga tana warkewa ita ma tana ƙaiƙayinta, hannu ya kai baya ba a sani ba. Susa tana ɓare ɓawo, ta mayar da aiki baya, ta bar baƙin tabo. A yanke farce, a sa riga mai faɗi ta auduga, a ɗauraye jiki da an tashi aiki. Uwa mai goyo ta duba nata lamarin: zanin goyo da zafin jikin yaro da fitsarinsa duk a kan wurin suke sauka, ta samu mai karɓar mata na kwana biyu ko uku.

Game da tabo, fatarmu tana da halinta. Wurin da ya ji rauni yakan yi duhu fiye da sauran jiki na watanni, rana kuma tana ƙara masa duhu, don haka masu cire riga a gona su haƙura. Akwai kuma mutanen da kowane ɗan rauni yake zame musu tabo mai tudu, mai sheƙi, yana girma yana wuce iyakar raunin, abin da likitoci suke kira keloid. Ya fi yawa ga baƙar fata, yana bin jinin gida, kuma wuraren da ya fi so su ne ƙirji da kafaɗa da saman baya da kunne. Wanda hujin kunne ko tsohuwar tsaga ta taɓa yi masa haka, ƙaho mai tsaga ba nasa ba ne, domin babu man da zai hana.

Akwai abu ɗaya da duk kular duniya bayan ƙaho ba ta gyarawa, shi ne askar da aka tsaga wani da ita. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba. Ƙwayar tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, goge aska a tsumma ko ɗauraye ƙaho a kwano ba ya kashe ta. Wanzamai da yawa sun koma sabuwar reza, Allah ya saka musu. Amma ƙahon da kofin su ma jini suke ɗauka. Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Baba, ga rezata na zo da ita, don Allah a tafasa ƙahon kafin a kafa mini.” A shagon hijama ka ga an ɓare kofunan a gabanka, ko ka sayi naka ka riƙa zuwa da su. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga jerin na jarirai a ƙasar nan a 2004, wanda aka haifa kafin nan sai ya nema da kansa.

Abinci ba shi da wata doguwar doka. A sha ruwa sosai, a ci abin da ke mayar da jini, wake da zogale da nama ko hanta in da hali, a huta ranar. Mai ciwon suga rauninsa ba ya saurin warkewa kuma ya fi saurin yin ruwa. Mai sikila, da mai ƙarancin jini, da mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin kullum, waɗannan su ji ta bakin likita kafin su kwanta gaban wanzami. Mai hawan jini kuma kada ya ajiye ƙwayarsa don an yi masa ƙaho.

Ɗan ja da ɗan zafi a yini biyun farko ba abin damuwa ba ne. Idan ƙaho ya daɗe a wuri har ya tayar da bororo, kada a fasa shi, a rufe shi ya sace da kansa. Jinin da ya dawo a danne shi da tsumma mai tsabta minti goma ba ɗagawa, in bai tsaya ba a tafi asibiti. Tun da mutum ba ya ganin bayansa, ya sa matarsa ko ɗansa ya riƙa duba masa kullum da hasken rana, a kuma taɓa gefen wurin da bayan hannu, domin a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, zafi da kumburi da sheƙi su ne suke tona ciwon. Idan a rana ta uku zafin ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, ko kumburin yana faɗi, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, ko kaluluwa ta taso a hammata, lokacin asibiti ya yi, ba lokacin ƙara wani ƙahon a kan wurin ba. Idan kuwa muƙamuƙi ya fara ƙin buɗuwa, wuya ya sandare, ko jiki yana fizga, a ɗauki mutum zuwa babban asibitin Funtua ko na Malumfashi a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, kuma a gaya wa ma'aikatan ranar da aka yi ƙahon da abin da aka shafa a wurin.